Yadda Ake Gano Lalacewar Makunnin Fitilun Gaba a Tsohuwar Mota, da Yadda Ake Canza Shi

Fitilun gaba su ɗauke baki ɗaya mota na tsaka da gudu cikin dare ba ƙaramin haɗari ba ne. A tsohuwar mota kuwa, da wuya abin ya zo kwatsam ba tare da alama ba. Sai ka murɗa makunni sau biyu ko uku kafin wuta ta kama, ko ka faɗa rami fitila ta ƙifta, ko ka taɓa gindin makunnin ka ji ya ɗau zafi, ko warin ƙonanniyar roba ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin sitiyari. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya ce sai gobe.

Sai dai makunni yana yawan ɗaukar laifin da ba nasa ba. A saya sabo a ɗaura, fitila ta ci gaba da halinta, ashe rile (ɗan akwatin da ke buɗe wa fitilu wuta bisa umarnin makunni) ne ya gaji ko tsatsa ce ta cinye wayar da ke ɗaure a jikin mota. Wani lokaci kuma da gaske makunnin ne ya ƙone, amma ba a nemi abin da ya ƙona shi ba, sai sabon ma ya bi sahu. Don haka aikin kashi biyu ne: ka tabbatar da awo cewa shi ne, sannan ka gano dalilin mutuwarsa kafin ka rufe.

Hanyar da wutar ke bi

Wuta tana fitowa daga kan batir mai alamar +, ta ratsa fiyus, ta isa makunni, daga nan ta je wurin da ke raba dim da ful, ta shiga ƙwayayen fitila, sannan ta koma batir ta ƙarfen jikin mota. A motoci da yawa akwai rile a tsakani, wanda shi ke ɗaukar nauyin wutar, makunni kuwa umarni kawai yake ba shi. Amma a tsofaffin motoci masu yawa babu rile sam, duk wutar fitilun ta cikin makunnin take wucewa.

Ga yawan wutar da ake magana. Ƙwan H4, wanda ya fi yawa a irin waɗannan motoci, yana cin wat 55 a dim, wat 60 a ful. Guda biyu a kan bolt 12 suna jan amfiya 9 zuwa 10, ban da fitilun baya da na dashbod. Duk wannan yana bi ta 'yan ƙananan haƙoran tagulla da ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba. Shekara da shekaru ana kunnawa ana kashewa, kowane karo ɗan tartsatsi na tashi, haƙoran su yi baƙi, sifirin da ke matse su ya saki. Da zarar haɗuwarsu ta yi rauni sai zafi ya fara, zafi ya narkar da roba, haƙoran su ƙara gocewa, zafin ya ƙaru.

Kayan da za ka tanada: mitar auna wuta, testa mai ƙwai, sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana (lamba 10 ce ta fi yawa a kan batir), filaya, guntuwar waya mai fiyus na amfiya 15 a tsakiyarta, da tocila. In ka samu zanen wayoyin motarka, ya rage maka rabin wahala.

Mataki na farko: karanta alamun

Ka ajiye mota a wuri mai inuwa ko ka fuskantar da ita bango, ka ja birkin hannu, ka bi matsayin makunni ɗaya bayan ɗaya: fakin, dim, ful, sannan ka ja sandar kamar za ka haska wa na gabanka. A wasu motoci fitilun gaba ba sa kamawa sai an murɗa makulli, don haka ka gwada da makulli a buɗe.

In gefe ɗaya ne kawai ya mutu, bar makunni ya huta. Makunni ɗaya ne ke ciyar da fitilun biyu, ba shi da yadda zai kashe hagu ya bar dama. Ka duba ƙwai, da soket ɗinsa, da fiyus na wannan gefen, da wayarsa ta jiki, wato wadda ke ɗaure a ƙarfen jikin mota.

In ful na kamawa dim ba ya kamawa, ko akasin haka, zargi ya fi karkata ga ɓangaren da ke raba su, ko fiyus da rile na wanda ya mutu. Kada ka raina yiwuwar cewa zaren dim ya tsinke a ƙwayayen biyu. Yana faruwa: ɗaya ya mutu direba bai lura ba, bayan makonni ɗayan ya bi. Ka ciro ƙwan ka ɗaga shi ga haske ka gani, kuma kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na rage masa kwana.

In babu dim babu ful, amma da ka ja sanda don haskawa sai fitilu su kama, wannan babbar shaida ce. A motoci da yawa wutar haskawa tana da hanyarta daban, ba ta bi ta babban makunni. Ke nan zaren ful da wayar jiki lafiya lau suke, matsalar tana can baya, a makunni ko rile.

In fitilun gaba na ci amma na baya da na dashbod sun mutu tare, fara da fiyus ɗinsu. In yana da kyau, to ɓangaren fakin na cikin makunni ne.

Akwai kuma wata alama da ke rikita mutane: fitilu su yi minti goma ko ashirin suna ci, su ɗauke, bayan 'yan daƙiƙu su dawo da kansu, su sake ɗaukewa. Tsofaffin motocin Amurka masu makunnin da ake jawowa suna da ɗan ƙarfe a cikin makunnin da ke yanke wuta in ya yi zafi, ya mayar in ya huce. Ko dai ƙarfen ya tsufa yana yankewa ba dalili, ko wata waya ta goge tana taɓa jiki, ko an sa ƙwayaye masu cin wuta fiye da kima. Dole a bambance waɗannan uku, don sabon makunni na farkon kawai zai magance.

In kuwa fitilu sun ƙi mutuwa ko an kashe, zare rile. Suka mutu, ko rile ya manne ko makunni na ci gaba da ba shi umarni. Suka ci gaba da ci, wuta na shigowa ta wata hanya.

Mataki na biyu: fitar da masu sauƙi daga zargi

Auna batir. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.6 in inji a kashe yake, 13.8 zuwa 14.4 in yana aiki. In ya haura 15, alteneta na cika wuta fiye da kima, kuma ita ce ke kashe maka ƙwayaye.

Fiyus kada ka yarda da ido kawai. Ka taɓa testa a ƙananan ƙarafa biyu da ke bayansa fitila na kunne. Wuta a gefe ɗaya babu a ɗayan, ya tsinke. Ka mayar da mai lamba iri ɗaya. In sabon ya sake tsinkewa nan take, akwai wayar da ke taɓa jiki, sai an nemo ta. Sa fiyus mai babbar lamba ko naɗa zaren waya a madadinsa hanya ce ta ƙona mota.

Rile kuwa, ɗora yatsa a kansa wani ya kunna makunni. Ka ji ƙas, to umarnin makunni yana isowa, kuma wannan ya wanke shi sosai. Amma ƙarar ba ta nufin rile na wuce da wuta, don haƙoransa ma suna ƙonewa. Ka musanya shi da wani mai lamba da ƙafafu iri ɗaya, kamar na hon, ka gani.

Sai wayar jiki. Bi baƙar waya ko mai ruwan ƙasa daga bayan fitila har inda aka ɗaure ta da ƙarfe. Kwance, goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka mayar ka ɗaure tam. Fitila mai haske ja-ja, ko wadda ke raunana in an kunna sigina, yawanci nan ciwonta yake.

Mataki na uku: auna makunnin kansa

Nan ne zuciyar aikin. Ka buɗe murfin da ke ƙasan sitiyari ko gefen dashbod har ka ga soket ɗin da ke bayan makunni. Kafin komai, haska tocila ka duba shi da kyau. Roba da ta yi ruwan ƙasa ko ta kumbura kewaye da ƙafa ɗaya, rigar waya da ta ƙandare tana fashewa in an lanƙwasa, tagulla da ta koma baƙa ko shuɗiya, duk shaidar zafi ne. Kunna fitila ka girgiza soket ɗin a hankali. In haske na ƙiftawa, ka kusa isa.

Kada ka zare soket ɗin tukuna. Za ka auna ta bayansa, inda wayoyi ke shiga, yana haɗe. Maƙala baƙin tsinken mita a ƙarfe mai tsabta, ka bi ramukan da jan tsinken. Wayar da ke kawo wuta, wadda yawanci ta fi kauri, za ta nuna bolt 12 ko makunni na kashe. A motocin Jamus ƙafafun suna da lambobi a jiki: 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 58 fitilun fakin da na baya, 56 fitilun gaba, 56a ful, 56b dim, 31 jikin mota. A tsofaffin Volkswagen akwai kuma ƙafa mai alamar X, wadda ke samun wuta daga wurin makulli. In X ba ta da wuta makulli na buɗe, makunnin fitila ba shi da laifi, matsalar tana wurin makullin ko hanyar da ke kawo wuta daga can.

In babu wuta a wayar shigowa, matsalar tana tsakanin batir da makunni. In akwai, murɗa zuwa fakin ka ga ko ta fito a wayar fakin, murɗa zuwa fitilun gaba ka ga ko ta fito a tasu. Wuta ta shiga ba ta fita ba, makunni ya mutu, magana ta ƙare.

Wanda ya fi wuya shi ne makunnin da bai mutu ba bai kuma yi rai ba. In ka zare shi ka auna da ɓangaren mita mai yin ƙara, zai yi ƙara ya ce maka lafiya, domin wutar da mita ke turawa ba ta taka kara ta karya ba, ko ta ƙonannen haƙori za ta wuce. Sai an ɗora masa kaya gaskiya ke fitowa. Yadda ake yi: soket na haɗe, fitilu na kunne, mita na kan bolt, ka sa jan tsinke a wayar shigowa, baƙin a wayar fita. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke salwanta a cikin makunnin. Mai lafiya ba ya wuce 0.2 zuwa 0.3. Ka ga rabin bolt, ya fara gajiya. Ka ga bolt ɗaya ko fiye, canza shi.

Kada bolt ɗaya ya yi maka kama da abu kaɗan. Bolt 1 sau amfiya 10 wat 10 ke nan na zafi, a kulle cikin ɗan akwatin roba, kuma shi ke narkar da soket. Ta ɓangaren haske ma asara ce babba, domin in wutar da ke isa ƙwai ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A nan akwai abin lura ga masu motocin Japan, musamman tsofaffin Toyota. Makunninsu ba wuta yake turawa ba, rile yake haɗawa da jikin mota. Don haka awon zai zo maka a juye: wayar za ta nuna bolt 12 in an kashe, ta sauko kusan sifili in an kunna. In ta tsaya a 12 bayan ka kunna, ko makunni ya lalace ko wayarsa ta jiki ta yanke, sai ka auna wannan wayar ma kafin ka yanke hukunci.

Gwaji na ƙarshe, a motocin da makunninsu ke tura wuta, shi ne tsallake makunnin. Zare soket, ka ɗauki wayar nan mai fiyus ka haɗa ramin shigowa da ramin fitilun gaba. Fitilu suka kama da cikakken haske, ka samu tabbaci. Ka yi wannan ne kawai in ka san ramukan sarai, kuma kada ka yi shi a motar da makunninta ke magana da kwamfuta, don za ka iya ƙona ta. Kada kuma ka bar wayar a matsayin gyara.

Mataki na huɗu: cire tsohon

Kashe komai, zare makulli, ka kwance kan batir mai alamar − ka kawar da shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba. Wayar da ke shiga makunni tana da wuta koyaushe, sukundireba ta haɗa ta da ƙarfe sau ɗaya ya isa ya narkar da wayoyi. In rediyonka mai neman lambar sirri ne, tabbatar kana da ita kafin ka cire batir. In motar na da jakar iska, wato wadda ke kumburowa ta kare direba lokacin haɗari, jira minti goma bayan cire batir, kuma duk soket mai launin rawaya ka bar shi, kada tsinken mita ya kusance shi. Ɗauki hoton wayoyi da wayarka kafin ka zare ko ɗaya.

Makunnin da ake jawowa: ja shi har ƙarshe, ka zura hannu ta ƙarƙashin dashbod ka laluba jikinsa, za ka ji wani ɗan maɓalli mai sifirin. Danna shi ka ja, kan da sandarsa za su fito gaba ɗaya. Sai ka kwance zoben da ke riƙe da shi ta gaba, makunnin ya faɗo ta baya.

Na murɗawa ko na dannawa da ke jikin dashbod: wasu ana zare kan ne a kwance notin da ke ƙarƙashi, wasu kunnuwan roba ne ke riƙe da su. A Volkswagen irin su Golf 4 ba a buƙatar ko sukundireba: yana kan 0 ka danna shi ciki, ka ɗan murɗa dama, ka jawo. Robar tsohuwar mota ta bushe, saurin karyewa gare ta, don haka ka naɗa ƙyalle a bakin sukundireba, kuma in abu ya ƙi fitowa ka nemi sukurun da ya ɓuya maimakon ka sa ƙarfi.

Na sandar sitiyari: kwance sukurorin murfin daga ƙasa, raba na sama da na ƙasa. A motoci da yawa sukuru biyu ne ko kunne ɗaya ke riƙe da sandar, ta fito ta gefe ba tare da an taɓa sitiyari ba. In dole sai an cire sitiyari, daidaita tayoyi su miƙe, yi alama a kan sandar ƙarfen da sitiyarin don ka mayar daidai, sassauta notin amma ka bar shi a bakin zare, sannan ka girgiza ka ja, don kada sitiyarin ya ɓalle ya same ka a fuska. Mai jakar iska akwai wani faifai a bayan sitiyarinsa da siririyar waya ke naɗe a ciki, in ya juya daga inda yake wayar za ta tsinke ranar da aka karya kan mota har ƙarshe. Manne shi da salatif. A ganina, wanda bai taɓa cire jakar iska ba gara ya bar wa mai wayarin wannan ɓangaren.

Mataki na biyar: soket da sabon makunni

Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe. Ƙirga ƙafafu, duba jerinsu da lambar da ke jiki. Mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da makunni daban, mai fitilar hazo da marar ita. In na hannu ka saya, auna shi kafin ka ɗaura, ka shinshina shi ma, ƙonanne ba ya ɓoye warinsa.

Soket ɗin da ya sha zafi kada ka mayar da shi. Bakunan ƙarfen da ke cikinsa sun riga sun saki, ba za su kama ƙafafun sabon makunni da ƙarfi ba, zafi zai sake farawa daga nan. Samo wani soket mai guntayen wayoyinsa, ka yanke tsohuwar waya har inda tagullarta ke sheƙi, ka haɗa ɗaya bayan ɗaya don kada su rikice maka. A haɗa da dalma ko a matse da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa wayoyi biyu da hannu a naɗe da salatif ba ya ɗaukar amfiya 10 na dogon lokaci. Kaurin sabuwar waya kuma kada ya gaza na tsohuwar.

Tura soket har ka ji ya kama, amma kada ka rufe murfi. Mayar da batir ka gwada komai makunni na rataye: fakin, fitilun baya, na lamba, na dashbod da abin rage haskensu, dim, ful da shuɗiyar alamarsa, haskawa. In na sanda ne, ƙara da sigina da waifa da hon, ka kuma juya sitiyari ka ga sigina na komawa da kanta. Komai ya yi, sake cire batir ka ɗaure, ka lura kada wata waya ta matse tsakanin murfi da ƙarfe ko ta riƙa gogar sandar sitiyari.

Abin da ya kashe tsohon

Ciro ƙwayayen ka karanta abin da ke rubuce a gindinsu. In ka ga 100/90 a inda ya kamata a ga 60/55, ga mai laifin nan. Biyu masu wat 100 suna jan sama da amfiya 16, a kan makunni da wayoyin da aka yi don goma. Haka ƙarin fitilun da aka jona a kan wayar fitilun gaba. Mayar da ƙwayaye na asali, ƙarin fitilu kuma a ba su rile da fiyus nasu.

In motarka ba ta da rile tun daga kamfani, ina ba da shawarar a sa mata biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, kusa da batir. Ƙafar rile mai lamba 30 ta tafi batir ta cikin fiyus na amfiya 15 ko 20 da aka sa dab da kan batir, 87 ta tafi ƙwayaye da waya mai kauri, 86 ta karɓi tsohuwar wayar da ke zuwa daga makunni, 85 ta tafi jikin mota. Daga nan abin da zai riƙa bi ta makunni bai kai rabin amfiya ba, kuma fitilu za su ƙara haske domin hanyar wutar ta gajarta. Wannan haɗin na motocin da makunninsu ke tura wuta ne. Masu haɗawa da jiki nasu ya bambanta, sai an bi zanen motar.

Bayan an rufe komai, tayar da inji ka bar fitilu a dim na minti goma sha biyar, ka koma ful na wasu mintuna, sannan ka taɓa makunnin da wayoyin bayansa. Ɗan ɗumi ba komai, zafin da zai sa ka janye hannu yana nufin akwai sauran aiki. Auna bolt a kan batir, ka auna a bayan ƙwai fitila na ci. In bambancin bai wuce rabin bolt ba, hanyar ta yi tsabta. In ya wuce, bi ta da mita gaɓa-gaɓa, daga fiyus zuwa rile zuwa soket ɗin ƙwai zuwa wayar jiki, kamar yadda ka auna makunni, har ka sami inda wutar ke salwanta.